RA'AYINMU: Bashin Da Garin Ibi Ke Bin Ikilisiyoyinmu

Duk wanda ya tashi a ikilisiyoyin da suka fito daga mishan ɗin SUM ya san sunan Gindiri, ya san Vom, ya san Numan da Lupwe da Bambur. Waɗannan sunaye suna cikin wa'azi, suna cikin kalandar da ake rabawa a ƙarshen shekara, har akan kai yara ziyara can. Amma akwai garin da 'yan mishan suka taka kafin su taka ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare, wanda a yau ba kasafai ake jin sunansa a bakin masu bi ba sai in ana maganar kifi ko ambaliya ko rikici. Garin nan shi ne Ibi, a gaɓar kudu ta kogin Binuwai cikin Jihar Taraba, daura da inda kogin Shemankar ke zubowa. Ra'ayin wannan shafi shi ne, Ibi tana bin ikilisiyoyinmu bashi, bashin kuwa shi ne a tattara tarihinta a adana, kuma lokacin biya yana ƙurewa.

Domin masu karatu su gane dalilinmu, ya kamata a tuna cewa kafin zuwan jirgin ƙasa da mota, kogi shi ne babban titi. A shekarar 1854 wani jirgin ruwa mai hayaƙi da ake kira Pleiad ya hau Binuwai a ƙarƙashin jagorancin Likita William Baikie, tare da shi kuwa akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda aka 'yanto daga bauta yana yaro, daga baya ya zama Bishop a shekarar 1864. Abin da ya sa tafiyar ta yi suna shi ne an dawo ba a rasa rai ko ɗaya ba, saboda sun dinga shan kwinin don maganin zazzaɓin sauro. Daga nan Turawa suka tabbata cewa za su iya shiga cikin ƙasa ta ruwa su dawo da rai, sai 'yan kasuwarsu suka fara kafa kantuna a bakin Kwara da Binuwai.

Ibi ta kafu ne wajen tsakiyar ƙarni na 19, cikin ƙasar da ke ƙarƙashin ikon Sarkin Muri. Wurin ya dace da fatauci, domin nan ne hanyar da ta fito daga Wukari da ƙasashen kudu ke haye kogi ta nufi Shendam da Wase da Bauchi. Jukunawa masunta, da Hausawa fatake, da Fulani, da Nufawa masu tuƙin kwalekwale, duk sun haɗu a bakin kwata ɗaya. Ba za mu ɓoye ba, cikin hajar da aka yi ciniki da ita a wannan kasuwa a farkon zamaninta har da 'yan Adam. Sa'ad da Kamfanin Neja na George Goldie ya sami takardar izinin mulki daga Ingila a shekarar 1886, Ibi ta zama babbar tasharsa a Binuwai, da sito-sito da barikin 'yan sandansa. Ana sauke gishiri da akoko da atamfa, ana loda hauren giwa da ɗanko, daga baya kuma riɗi da ƙwarar kaɗanya suka karɓi kasuwar.

Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, mulki ya fita daga hannun Kamfani ya koma hannun gwamnati. Ibi ta ci gaba da zama mazaunin soja da ma'aikatan mulki, har akwai lokacin da Razdan na Lardin Muri yake zaune a cikinta. Sojojin da suka ci Yola da yaƙi a shekarar 1901 ta wannan kogi suka hau.

Ta wannan kogi kuma, shekara uku bayan haka, waɗansu mutum huɗu suka hau da wata manufa dabam. A watan Yuli 1904 Dokta Karl Kumm, Bajamushe, da Likita Ambrose Bateman, da John Burt, da John Lowry Maxwell suka taso daga Libaful, su ne ayari na farko na Sudan United Mission. Bayan Kumm ya gana da Gwamna Lugga, aka ba su shawara su fara aiki a Wase. Sai suka hau Binuwai har Ibi, suka sauka, suka ɗauki 'yan alaro, suka yi tafiyar kwanaki a ƙasa zuwa gindin Dutsen Wase. Ciwo ya sa Bateman ya koma gida ba da daɗewa ba. Aikin Wase bai ɗore ba, amma ƙofar da aka buɗe ba ta sake rufuwa ba.

A shekarar 1906 aka buɗe tasha a Wukari, inda C. W. Guinter na Amurka ya yi aiki kafin ya je Bambur a 1923, tushen ikilisiyar Methodist da muke da ita a Taraba ke nan. A 1907 aka shiga Langtang. Aka kafa gidan renon yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi a Rumasha, da sunan Lucy, matar Kumm wadda ta rasu a 1906, daga baya aka mai da gidan Wukari. A 1911 Carl Zimmermann daga Afirka ta Kudu ya fara aiki a Sai cikin Tibi, abin da ya haifi NKST. A 1913 Likita Niels Bronnum na Danmak ya hau kogin har Numan, bayan ya binne matarsa a hanya, daga aikinsa kuma LCCN ta fito. A 1920 Johanna Veenstra ta iso, ta zauna a Lupwe kusa da Takum, ta rasu a 1933 aka binne ta a Vom, aikin da ta fara shi ne ya zama CRCN. Shekaru da dama hedkwatar SUM a ƙasar nan tana Ibi. Can wasiƙu ke zuwa, can ake sauke magani da littattafai, can sabon ɗan mishan yakan fara sauka kafin a gaya masa inda za shi. Da yake manyan jirage ba sa iya hawa Binuwai sai da damina, lokacin da ruwa ya cika, kayan shekara guda sukan zo ne cikin 'yan watanni, wanda jirgi ya wuce shi kuwa sai ya yi haƙuri da kwalekwale.

Mun sani ba dukan masu karanta wannan shafi ne suka fito daga wannan reshe ba. 'Yan'uwanmu na ECWA suna ƙirga tarihinsu daga Fategi a bakin Kwara a 1902, na Angilikan kuma suna da Lakwaja da Zariya da Wusasa. Amma COCIN da CRCN da LCCN da UMCN da NKST da ERCC, waɗanda suka haɗu cikin tarayyar da aka kafa a 1955 da sunan TEKAS, wadda yanzu ake kira TEKAN, ba za su ba da labarin asalinsu ba tare da sun ambaci Binuwai ba, kuma ba a maganar Binuwai na wancan zamani a tsallake Ibi. Ko harshen da muke rubuta wannan sharhi da shi yana da alaƙa da irin waɗannan garuruwa. A bakin kwata da kasuwa da bariki ne 'yan mishan suka ga Bajukune da Batibi da Banufe da mutumin dutse suna ciniki da Hausa, suka gane cewa da wannan harshe ɗaya za a iya kai wa kabilu masu yawa Bishara. Maxwell ya zama gwani a Hausa har ya koyar da waɗanda suka biyo bayansa. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, akwai masu karatu suna jiransa tun daga gaɓar Binuwai har kan duwatsun Filato.

To, me ya mai da Ibi baya? Hanya ce ta kawo ta, hanya ce kuma ta bar ta. A shekarar 1926 gwamnatin Turawa ta sake fasalin larduna, aka rushe Lardin Muri, Ibi ta koma Lardin Binuwai, ofishin Di'o kuma ya koma Wukari. A 1927 layin dogo daga Fatakwal ya kai Jos, a 1932 aka buɗe gadar Makurɗi. Daga nan kayan da suke jiran damina su hau ruwa suka samu hanyar da ba ta san rani ba. Ita ma mishan ta bi sahu, ta buɗe makarantar Gindiri a 1934, nauyin aiki ya koma Filato, inda a 1938 aka keɓe fastoci na farko 'yan ƙasa, wato Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot. Babu laifi cikin wannan ƙaura, ci gaba ne. Sai dai Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. An tafi da takardu da ma'aikata, aka bar garin da tsofaffin gine-gine da tsofaffin mutane masu labari a ka.

Abin da ya sa muka ta da maganar yanzu shi ne abubuwa huɗu suna cin wannan gado, kuma babu wanda yake jiran taron majalisa a cikinsu. Na farko mutuwa. Waɗanda suka ga 'yan mishan na farko da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, saura 'ya'yansu da jikokinsu waɗanda suka ji daga bakinsu, su ma furfura ta cika musu kai. Na biyu gara da ruwan sama, waɗanda ba sa bambanta littafin rajistar baftisma da tsohuwar jarida. Na uku ambaliya. Kowa ya ga abin da Binuwai ya yi wa garuruwan gaɓarsa a 2012 da 2022. Na huɗu kuwa wuta ce ta hannun ɗan Adam. A watan Nuwamba 2012 rikici ya ɓarke a Ibi, aka rasa rayuka, aka ƙone gidaje da wuraren ibada, a 2013 da 2014 kuma Wukari ta sha irin wannan masifa. Ginin da aka ƙone ana iya sake gina shi da baiko, amma littafin da aka rubuta sunayen masu bi na farko, in ya ƙone, babu baikon da zai dawo da shi.

Akwai kuma wani gefe na tarihin da tun asali ba a rubuta shi sosai ba. Sunayen Turawa suna nan cikin littattafai da mujallar mishan, da ranar zuwansu da ranar mutuwarsu, muna kuwa gode wa Allah dominsu, gama da yawa sun bar ƙasarsu ba su sake ganinta ba. Amma wa ya tuƙa kwalekwalen? Wa ya ɗauki akwatin magani a ka daga Ibi zuwa Wase? Su wane ne kukun da boyi da tafinta waɗanda suka fara jin Bishara a ɗakin girki, suka koma ƙauyukansu suka faɗa da harshen iyayensu? Ina yaran Rumasha suka ƙare, waɗanda suka fito daga igiyar bauta suka zama malamai da masu bishara da iyayen gidajen Kirista? Ina matan da suka fara tara 'yan'uwansu mata don addu'a tun kafin a san sunan Zumuntar Mata? Bature ɗaya ba ya juya kabila. Bisharar ta yaɗu ne a ƙafafun waɗannan bayin Allah, kuma sunayen da yawa daga cikinsu suna nan ne kawai a bakin tsofaffi a Ibi da Wukari da Donga da ƙauyukan kewaye. Idan ba a rubuta su ba, yaranmu za su ci gaba da jin ana ce musu addininsu kayan Bature ne, su rasa amsar da za su bayar.

Muna kuma roƙo cewa idan za a rubuta, a rubuta gaskiya dukanta. Jirgin da ya kawo Littafi Mai Tsarki shi ne ya kawo bindigar Kamfani. 'Yan mishan sun dogara ga jiragen 'yan kasuwa da izinin Razdan, gwamnatin kuma ita ce ta hana su shiga yawancin ƙasashen sarakunan Musulmi saboda alkawarin da ta yi cewa ba za ta taɓa addini ba. Wani lokaci sun yi jayayya da masu mulki, wani lokaci sun ci abinci a tebur ɗaya. Haka kuma dole a rubuta cewa garin da ya sauki hedkwatar mishan shekaru masu yawa gari ne mai Musulmi da yawa, a ƙarƙashin sarki Musulmi, kuma cikin masu fito da fatake da maƙwabtan da suka sayar wa mishan hatsi suka nuna mata hanya akwai Musulmi da masu bin addinin gargajiya. Saurayin da ya san kakansa da kakan maƙwabcinsa sun ja igiyar jirgi ɗaya a bakin kwata ɗaya, zai yi tunani kafin ya ɗauki galan na fetur. Ba mu ce tarihi shi kaɗai zai kashe wutar rikici ba, domin akwai maganar ƙasa da sarauta da siyasa a ciki. Amma inda babu tarihi na gaskiya, masu zuga sukan ƙirƙiro nasu, kuma nasu kullum yana cewa wani baƙo ne.

Mun san abin da waɗansu dattawa za su ce. Za su ce akwai gwauraye da marayu, akwai masu gudun hijira, akwai masu bishara a ƙauye da ba a biya su albashi ba, ina kuɗin tsofaffin takardu? Waɗansu kuma za su ce Ubangiji ba ya zama a ginin da hannu ya gina, kada mu mai da kango abin sujada. Maganar tasu tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma mu tuna cewa sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, kamar yadda yake a Joshuwa sura 4, an umarce su su ɗebo duwatsu goma sha biyu daga cikin kogin su kafa, domin in 'ya'yansu suka yi tambaya a sami abin nuna musu. A lokacin nan yaƙi yana gabansu, ba su da gida ko gona, duk da haka aka tsai da su don aikin tunawa. Luka ma bai rubuta Bishararsa ba sai da ya bi shaidun gani da ido ya bincika a tsanake. Game da kuɗi kuwa, abin da muke nema bai kai abin da ikilisiya guda a birni take kashewa kan lasifika da janareto ba. Wayar hannu da ke aljihun kowane saurayi tana iya ɗaukar murya da hoto.

Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka. Na ɗaya, shugabannin TEKAN su naɗa ƙaramin kwamiti, CRCN da COCIN a gaba tun da su ne mafi kusa da wurin da kuma tarihin, ya je Ibi ya zauna da ikilisiyoyin garin, ya kai gaisuwa fadar sarki, ya rubuta duk abin da ya rage daga zamanin Kamfani da na mishan, ko gini, ko harsashi, ko kabari, ko ƙararrawa, a ɗauki hoto, a san mai kula da kowanne. Na biyu, makarantun tauhidi, wato TCNN Bukuru da na Gindiri da na Veenstra a Donga da na Bronnum, su sa ɗalibansu na shekarar ƙarshe su yi hira da tsofaffi a matsayin aikin kammala karatu, da Hausa da Jukun da Tibi, ba tare da tambayar addinin tsohon ba. Sashen tarihi na Jami'ar Tarayya ta Wukari yana kusa, a nemi taimakonsa. Na uku, kowace majalisar ikilisiya ta fito da littattafan rajistarta na baftisma da aure da na taron dattawa, a ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Na huɗu, a rubuta wa Jami'ar Edinbara, inda aka ajiye takardun SUM na reshen Birtaniya, da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, a nemi kwafin abin da ya shafi Ibi, domin jikokin waɗanda aka rubuta labarinsu su iya karantawa a gida. Na biyar, daga abin da aka tara a fitar da ɗan littafi da Hausa mai sauƙi don makarantar Lahadi da ajin baftisma.

Ga Gwamnatin Jihar Taraba da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa kuma muna da magana. Mun yaba da farfaɗo da bikin kamun kifi na tafkin Nwonyo a shekarar 2024 bayan ya daɗe ba a yi ba. Amma baƙon da ya zo kallon kifi ya kamata ya sami abin da zai gaya masa irin garin da ya shigo. A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar gina gada a kan Binuwai a Ibi, abin da mutanen yankin suka daɗe suna roƙo saboda rayukan da ruwa ke ci a wurin fito. Alheri ne babba, sai dai motar da ta hau gada ba ta tsayawa a kwata, kuma inda sabon titi ya bi, katafila da masu sayen filaye sukan biyo baya. Tsohon ginin da ba a yi masa rajista ba, ranar da za a rushe shi babu wanda zai nemi izinin kowa. A yi rajistar tun yanzu.

A ƙarshe muna kira ga masu karatu da kansu. Fasto, ka buɗe akwatin nan da ke bayan ofishinka ka ga abin da gara ta bari. Uwa a Zumuntar Mata, ki tambayi tsohuwar da ke zama a bencin gaba wa ya fara kawo Bishara ƙauyensu, a rubuta sunan. Duk wanda yake da tsohon hoto ko wasiƙa ko labarin da ya shafi Ibi da tashoshin Binuwai, ya kai wa fastonsa ko ya aiko wa wannan shafi, za mu buga abin da ya samu. A shekarar 2029 za a cika shekara 125 da saukar ayarin farko a Ibi. Muna fata kafin ranar, ikilisiyoyin da suka fito daga wannan tushe za su taru a bakin kogin su yi sujadar godiya tare, da littafin sunayen iyayenmu a hannu, da maƙwabtanmu na garin a matsayin manyan baƙi. Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima da himma, ya kuma zaunar da Ibi da kewayenta lafiya. Amin.